Wa Ke Biyan Lokacin Jira?

A lokacin sanyin farko da na yi ina kai abinci a kan keke a wani birni na Faransa, abin da ya fi ci mini rai shi ne tsayuwa. Tuƙin keken kansa, duk da ruwan sama da hawan tudu, yana ɗumama jiki, kuma mutum ya san cewa kowace tafiya tana da ladanta komai ƙanƙantarsa. Amma akwai wani dandali a gaban jerin gidajen abinci inda mukan taru, wata rana mu goma, wata rana mu fi ashirin, kowa da ƙatuwar jaka mai kusurwa huɗu a goye, kowa ya sunkuyar da kai a kan waya yana jiran ta yi ƙara. Akan yi minti 40 a haka yatsu na sandarewa a cikin safar hannu, kuma idan wayar wani ta yi ƙara sai sauran su ɗago kai su bi shi da kallo, babu wanda ya san dalilin da ya sa aka zaɓe shi, har shi kansa. A ƙarshen wani mako na zauna na lissafa awannin da na yi a waje, na kuma lissafa waɗanda na yi ina ɗauke da saƙo, sai na tarar kusan rabin lokacin ya tafi a tsaye, kuma ba a biya ni ko sisi a kansa ba.

Na daɗe ina ɗaukar wannan jira a matsayin rashin sa'a, irin na ɗan kasuwar da ya kasa kaya rana ta faɗi bai yi ciniki ba. Daga baya na fahimci cewa a kan wannan jiran aka gina sana'ar gaba ɗaya. A idon doka, ni da ire-irena ba ma'aikatan kamfani ba ne. Kowannenmu ya yi rajista a matsayin ƙaramin ɗan kasuwa mai zaman kansa, shi zai sayi kekensa da wayarsa, shi zai yi faci ya canja birki, kuma shi zai biya wa kansa kuɗin inshorar jama'a, wanda yakan cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya shigo masa. Kamfani yana karɓar kamasho daga gidan abinci, wanda yawanci yakan kai kashi 30 cikin 100 na kuɗin abincin, ya ƙara karɓar kuɗin kai saƙo daga mai saye, sannan ya biya mai keke a kan kowace tafiya. Tun da mutumin da ke tsaye a dandali ba ya cin kamfani komai, to yawan masu tsayuwa riba ne a gare shi, domin duk lokacin da wani ya yi odar abinci akwai keke a kusa, saƙo zai isa da zafinsa, mai saye zai sake dawowa. Saurin da ake tallatawa a jikin allunan titi, da sanyin ƙafafunmu ake biyan kuɗinsa.

Wanda ya san tashar mota a Maraɗi ko Katsina ya san cewa jira ba sabon abu ba ne ga mai abin hawa. Bambancin shi ne, a tasha akwai layi, direba ya san motoci nawa ne a gabansa, kuma idan ɗan kamasho ya tsallake shi ya ba wani lodi, yana da wanda zai riƙe wa wuyan riga da ofishin da zai kai ƙara. A cikin manhajar kamfanin da ke raba mana aiki ta waya babu layin da ido ke gani. Wani lissafi ne da ke ɓoye yake duba nisan ka da gidan abinci da wasu abubuwan da ba a bayyana maka ba, ya yanke hukunci cikin daƙiƙa ɗaya. Ranar da tayata ta zame a kan ƙarfen layin jirgin cikin gari na faɗi, miyar da na ɗauko ta zube a cikin jaka, gwiwata ta kumbura, abin da na samu daga kamfanin da nake yi wa aiki shi ne saƙon da na'ura ta rubuta tana tambaya ko abincin zai iya isa ga mai shi. Na yi kwana tara ban hau keke ba, kwana taran nan kuwa babu abin da ya shigo aljihuna.

Tunanin cewa masu keken su mallaki sana'ar da kansu ya samo ƙarfinsa ne daga wata faɗuwa da ta fi tawa girma. Akwai wani kamfanin kai abinci mai suna Take Eat Easy da aka kafa a Burasels ta Beljiyam a 2013, ya bazu zuwa Faransa da Sifaniya da Ingila. A ƙarshen Yulin 2016 kamfanin ya sanar da cewa ya dakatar da aiki domin ya kasa samun sababbin masu zuba jari, kuma masu keke da yawa a Faransa suka wayi gari babu aiki, babu kuma kuɗin tafiye-tafiyen da suka yi a wannan watan. Da yake a takarda su 'yan kasuwa ne masu bin kamfani bashi, ba su da kariyar da doka ta tanadar wa albashin ma'aikaci idan kamfani ya karye. A Beljiyam labarin ya ɗan bambanta, domin da yawa daga masu keken suna aiki ne ta hannun wata babbar ƙungiyar gama kai mai suna Smart, wadda ta ɗauke su a matsayin ma'aikatanta, kuma 'yan watanni kafin nan ta ƙulla yarjejeniya da Take Eat Easy da wani kamfanin kai abinci mai suna Deliveroo a kan biyan awa, da inshorar haɗari, da sharaɗin cewa duk wanda aka kira aiki za a biya shi aƙalla awa uku. Da kamfanin ya rushe, Smart ta biya masu kekenta haƙƙinsu daga aljihunta, abin da ya kai kimanin yuro 340,000. Mutane biyu sun yi aiki iri ɗaya wa kamfani ɗaya a wata ɗaya, ɗaya ya karɓi kuɗinsa, ɗaya ya tashi a tutar babu, kuma abin da ya raba su kawai shi ne wanda ya tsaya a bayan kowannensu.

Wannan yarjejeniya ba ta yi tsawon rai ba. A Oktoban 2017 Deliveroo ya sanar da cewa zai daina aiki da Smart ya koma biyan kuɗi a kan kowace tafiya. A bazarar wannan shekarar ya riga ya yi haka a Faransa, inda tsofaffin masu kekensa da ke karɓar yuro 7.50 a awa tare da ƙari a kan kowane saƙo aka mayar da su yuro 5 a tafiya, a Faris kuma 5.75. Duk wanda ya lura zai ga cewa abin da aka cire a wurare biyun abu ɗaya ne, wato kuɗin tsayuwa. Ko a 2023, lokacin da kamfanonin da wakilan masu keke suka sa hannu a Faransa a kan mafi ƙarancin samu na yuro 11.75 a awa, awar da ake nufi ita ce wadda mutum ya karɓi saƙo yana kan kai shi. Wadda ya yi a dandali yana hura hannu ba ta shiga lissafi.

Daga cikin tarkacen Take Eat Easy ne wani mai rubuta manhajar kwamfuta ɗan Faransa, Alexandre Segura, ya fara gina wata manhaja da za ta yi abin da ta kamfanoni ke yi, wato karɓar oda, da raba ta ga masu keke, da nuna hanya, da karɓar kuɗi, amma ta zama mallakar masu aikin. A 2017 aka kafa CoopCycle, wadda a yau tarayya ce ta gomman ƙananan ƙungiyoyin masu keke a Faransa da Beljiyam da Sifaniya da Jamus da Ingila, har ta tsallaka zuwa Meksiko da Ajantina. Hikimar da ta fi burge ni a cikin tsarin ita ce lasisin manhajar. Kowa yana iya duba yadda aka rubuta ta, amma ba a yarda a yi kasuwanci da ita ba sai ga ƙungiyar da ke bin tsarin gama kai kuma take ɗaukar masu kekenta a matsayin ma'aikata masu albashi. Da ba a sa wannan sharaɗi ba, da wani mai jari ya kwashi aikin kyauta ya buɗe sabon kamfani irin waɗanda ake gudu. Kowace ƙungiya tana zaman kanta a garinta, tana ba da wani ɗan kaso na cinikinta ga tarayyar domin kula da manhajar, tana kuma da bakin magana a kan abin da za a gyara a cikinta. A Basalona akwai Mensakas, wadda masu keken da suka rasa aikinsu bayan yajin aikin 2017 suka kafa a 2018. A Bordeaux ta Faransa akwai Coursiers Bordelais. A Faris akwai Cargonautes, wadda a da ake kira Olvo, ta kuma ƙware a jigilar kaya masu nauyi.

Dokar Faransa ta daɗe da tanadar wa irin wannan kamfani gurbi, abin da ake kira Scop. Sharuɗanta a bayyane suke: ma'aikata ne za su riƙe aƙalla kashi 51 cikin 100 na jari da kashi 65 na ƙuri'a, kowane mamba yana da ƙuri'a ɗaya ko nawa ya zuba, kuma su ne ke zaɓar manaja su kuma sauke shi. Idan an ci riba, aƙalla kashi 25 zai koma ga ma'aikata, aƙalla kashi 16 kuma zai shiga wata ajiya da babu mai ikon rabawa ko da ya bar ƙungiyar. Wannan ajiyar ita ce ke hana mambobin yau sayar da gidan su raba kuɗi su bar na gobe a rana, kuma ita ce dalilin da ya sa babu mai jarin da ke neman ninka kuɗinsa sau ɗari da zai kalli inda suke.

Na yi wata bakwai ina aikin rabin lokaci a ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙananan ƙungiyoyi, mu tara ne gaba ɗaya, kuma ranar farko na ɗauka na yi kuskuren adireshi, domin abin da na tarar shi ne gareji mai warin man shafawa da kofi, da kekunan dako guda biyar masu dogon gaba wanda ake ɗora wa akwati, kowanne yana iya ɗaukar kusan kilo 100. Babu wanda ke jiran waya ta yi ƙara. Tun daren jiya an jera aikin safe a kan allo: burodi daga gidan gashi zuwa shaguna shida kafin ƙarfe bakwai, sai kwandunan kayan lambu zuwa gidajen da suka yi rajistar karɓa duk mako, sai furanni, sai kwalayen littattafai, sai ƙananan akwatunan wani ɗakin haɗa haƙoran roba zuwa wurin likitoci. Mai raba aikin mace ce da ke zaune a gaban kwamfuta da safe, da rana kuma ta hau keke wani ya karɓe ta. Idan ta ba ka tafiya mai nisa sau biyu a jere, kana iya tsayawa a gabanta ka tambayi dalili, ita kuma ta juyo da allon ta nuna maka inda kowa yake. A ƙarshen wata aka miƙo mini takardar albashi mai ɗauke da awannina duka, har da wanda na yi ina jiran mai furanni ta gama ɗaure kayanta, da abin da aka cire na fansho da na lafiya, da kwanakin hutun da na tara. Na daɗe ina kallon wannan takardar fiye da yadda ya kamata babban mutum ya kalli takarda.

A nan ne na fahimci abin da masu yabon waɗannan ƙungiyoyi a jaridu ba su cika faɗa ba. Da zarar ka yarda za ka biya lokacin jira, to dole ka kashe jiran, domin kowane minti na tsayuwa yana fita ne daga asusun da kai ma kake ci daga cikinsa. Abincin dare kuwa sana'a ce ta jira: oda tana zuwa a dunƙule tsakanin ƙarfe bakwai da tara, ta ƙaru idan ana ruwa ko ana ƙwallo, ta ɗauke ɗif idan gari ya yi daɗi, kuma kowace oda tafiya ce guda zuwa gida guda a kan kuɗi kaɗan. Ƙungiyar da ke biyan albashi da inshora ba za ta iya ajiye mutum ashirin a dandali tana jiran sa'a ba. Saboda haka yawancin waɗanda suka ɗore sun karkata ga jigilar kayan shaguna da ofisoshi da hukumomin gari, aikin da aka san lokacinsa da yawansa tun kafin gari ya waye, wanda keke ɗaya zai haɗa saƙo goma a zagaye ɗaya. Abokin gasarsu na gaskiya shi ne ƙaramar motar kaya mai shan dizal da ke maƙalewa a cunkoson tsakiyar gari, kuma a can suna da abin faɗa, domin keken dako yana shiga lungun da mota ba ta shiga, ba ya kuma neman wurin ajiyewa. Waɗanda suka ci gaba da kai abinci suna yi ne da 'yan gidajen abinci ƙalilan a unguwa ɗaya ko biyu, ga masu sayen da suka yarda su biya ƙari da saninsu. In kiɗa ya canja, rawa ma dole ta canja. Amma ya kamata a faɗa a fili cewa ƙungiyoyin ba su ƙwace dandalin da na tsaya a cikinsa ba, barinsa suka yi suka nemi wani.

Batun jari ma haka yake. Manyan kamfanonin sun yi shekaru suna tafka asara da gangan, suna rabon rangwame ga masu saye da kuɗin masu zuba jari domin su mamaye kasuwa, kuma mutum tara a gareji ba su da abin da za su kara da wannan. Kekunan dako masu batir suna da tsada, kowanne yakan ci dubban yuro, kuma shago ba ya biyan kuɗin jigila sai bayan wata ɗaya ko biyu alhali albashi ba ya jira. Yawanci da gudummawar jama'a, da ɗan tallafin hukumar gari, da bashin bankunan gama kai, da watannin da masu kafawa suka yi suna aiki ba tare da biyan kansu ba, ake tayar da su. Wasu sun tashi sun kuma rufe ba tare da an ji labarinsu ba.

Sai kuma taro. Wanda bai taɓa zama a taron ƙungiyar gama kai bayan awa bakwai a kan keke ba, bai san tsadar mulkin kai ba. Na halarci wani da aka fara ƙarfe shida na yamma, batu ɗaya ne a gabanmu: an samu ɗan rara, shin a sayi keken dako na shida, ko a mayar da ɗaya daga cikin masu rabin lokaci cikakken ma'aikaci? Mai kula da kuɗi ya ce keken zai ba mu damar karɓar kwangilar wani shagon da ya daɗe yana nema. Wata ta ce an kafa ƙungiyar ne domin mutane su rayu da aikin, kuma mai rabin lokacin nan yana komawa dandali da dare ya cike gibin albashinsa da manhajar da dukanmu muka gudo daga gare ta. Aka yi awa biyu da rabi, aka taɓo tsohuwar rigimar wanda ke yawan kauce wa aikin safiyar Asabar, wani ya fita ya sha taba ya dawo. Ni da ba ni da ƙuri'a tukuna na zauna a kan kwali ina saurare, ina tuna yadda a dandali babu mai tambayar ra'ayinka, amma kuma babu mai hana ka kashe waya ka tafi gida duk lokacin da ka ga dama. Wannan 'yancin na kashe waya ba ƙarya ba ne, kuma na san masu keke da dama da suka fi son sa a kan takardar albashi, musamman ɗalibai da masu wani aikin na daban. A ƙungiya, idan an rubuta sunanka a aikin ƙarfe shida na safe, to burodin mutane yana wuyanka.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi a zuciyata, kuma shi ne ya sa na zauna rubuta wannan. Duk wanda ya duba dandalin da na bayyana a yau zai ga cewa fuskokin sun canja. Ɗaliban da suka fara sana'ar sun bar ta da farashi ya faɗi, waɗanda suka maye gurbinsu kuwa yawanci baƙi ne daga Afirka ta Yamma da Afghanistan da Bangaladash da ƙasashen Larabawan Afirka, kuma da yawansu ba su da takardun zama. Wanda ba shi da takarda ba zai iya buɗe asusu a manhaja ba, don haka yakan yi hayar asusun wani mai takarda, ya yi aikin, kuɗin ya shiga bankin mai asusun, shi kuma ya cire kasonsa, wanda kan kai kashi ɗaya cikin uku ko ma rabi, ya ba shi saura. Mu da muka san balas ɗin da ɗan kabu-kabu ke kai wa mai babur duk yamma mun san wannan tsari, sai dai a can aƙalla mai babur ya sayi babur. A nan suna kawai ake haya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani yaro ɗan yankinmu, wanda ya biyo ta Agadas da Libiya ya tsallako teku, yana cikin masu wannan hayar. Wata rana muna tsaye manhajar ta nemi ya ɗauki hoton fuskarsa domin a tabbatar shi ne mai asusun, sai na ga ya hau keke a guje ya nufi wata unguwa mai nisan kilomita huɗu, inda mai asusun yake aiki, domin ya miƙa masa wayar ya ɗauki hoton. Da ya ji na shiga ƙungiya, ya same ni bayan sallar Juma'a ya ce, “Yaya, don Allah ka yi mini magana a wurinku, ka san ba na tsoron aiki.” Na ce masa, “Ƙanena, na sani, amma a wurinmu sai da kwantiragin aiki, kwantiragi kuwa sai da takarda.” Ya yi shiru, sannan ya ce, “To ashe gidan naku na masu gida ne.” Ban sami amsar da zan ba shi ba a lokacin. Abin da ya sa ƙungiyar ta zama mafaka, wato ɗaukar mutum aiki bisa doka da bayyana shi ga hukuma, shi ne ya rufe ƙofarta ga wanda ya fi kowa buƙatar mafakar. A 2022 Uber Eats ya rufe kimanin asusu 2,500 a Faransa bisa zargin takardun bogi, kuma ɗaruruwan masu keke suka yi zanga-zanga a Faris, wasunsu bayan sun yi aiki tun lokacin kullen korona, sa'ar da kowa ke gida su suna kan titi. Abin takaicin shi ne, hanyar da aka saba bi a Faransa wajen samun takarda ta dalilin aiki tana neman takardun albashi, mai zaman kansa kuwa ba shi da su, balle mai aiki da sunan wani. Gaskiya CoopCycle ba ta kawar da kai ba: a 2021, da tallafin hukumar birnin Faris, ta buɗe wani gida na masu keke a unguwar Barbès inda mutum zai sha shayi, ya yi cajin waya, ya shiga banɗaki, a kuma taimaka masa da cike takardun hukuma. Taimako ne na gaske, amma ba aiki ba ne.

Shi ya sa ban yarda da masu cewa ƙungiyoyin gama kai za su wadatar ba tare da doka ba. Matuƙar an bar wani ya sami lokacin jira kyauta, wanda ke biyan sa zai kasance mai tsada a kasuwa. A Nuwamban 2018 kotun ƙolin Faransa ta yanke hukunci, a shari'ar wani tsohon mai keken Take Eat Easy, cewa bin sawun mutum ta waya da ikon hukunta shi alamu ne na dangantakar ubangida da ma'aikaci. A Afrilun 2022 wata kotu a Faris ta ci Deliveroo tarar yuro 375,000 a kan ɓoye ma'aikata da sunan masu zaman kansu. Sifaniya ta fi kowa nisa: bayan hukuncin kotun ƙolinta a kan kamfanin kai saƙo na Glovo a Satumban 2020, ta kafa dokar da ta fara aiki a Agustan 2021, wadda ta ɗauki mai kai saƙo a matsayin ma'aikaci, ta kuma ba wakilan ma'aikata haƙƙin sanin ƙa'idojin da lissafin manhaja ke bi. Deliveroo ya fice daga ƙasar a ƙarshen wannan shekarar, Glovo kuma ya yi ta jayayya yana shan tara, har da ta yuro miliyan 79 a 2022, kafin ya sanar a Disamban 2024 cewa zai ɗauki masu kekensa aiki. A Ingila kuwa kotun ƙoli ta bi wata hanyar a Nuwamban 2023, ta ce masu keken Deliveroo ba ma'aikata ba ne tun da an ba su damar sa wani ya yi aikin a madadinsu, wato damar nan da a aikace ta zama ƙofar hayar asusu. Tarayyar Turai ta amince da dokarta a kan aikin manhaja a Oktoban 2024, ta ba ƙasashe zuwa 2 ga Disamban 2026 su shigar da ita cikin dokokinsu, amma ta bar wa kowace ƙasa ta fayyace yadda za a gane ma'aikaci, kuma gwamnatin Faransa tana cikin waɗanda suka fi ja da ita tun farko.

Wani abokina da ke Abuja ya tambaye ni ko tsarin ƙungiyar gama kai zai yi aiki a can, ganin cewa a Disamban 2023 Jumia Food da Bolt Food duk sun daina kai abinci a Najeriya, masu baburansu kuma suka koma neman wata ƙofar. Abin da na ce masa shi ne, haɗa kuɗi ba zai gagari mutanenmu ba, domin adashi ya sayi babura da yawa tun kafin a ƙirƙiro manhaja. Abin da zan ba shi shawara ya fara nema shi ne shaguna biyar ko shida, kamar kantin magani da gidan burodi da masu sayar da kaya ta intanet, waɗanda za su yi alkawarin aiki na kullum, domin ƙungiyar da ta fara da manhaja ba ta da masu ba ta kaya za ta tara mutane ne kawai a gindin bishiya. Sannan su rubuta tun ranar farko wanda ke riƙe kuɗi, da ranar da ake buɗe littafi kowa ya gani, da yadda ake sauke shugaba, domin mun ga ƙungiyoyin masu abin hawa da suka fara da taimakon juna suka ƙare da yankan tikiti.

A taron nan da na ambata, an kaɗa ƙuri'a wajen ƙarfe tara saura, biyar suka zaɓi keke, biyu suka zaɓi ɗaukar mutum. An sayi keken, kwangilar shagon ta zo, kuma bayan wata biyar aka ƙara wa mai rabin lokacin awanni, lokacin ni na riga na sami wani aikin na bar garin. Yaron nan kuwa muna waya jefi-jefi. Ya canja mai asusu sau biyu, na yanzu yana karɓar yuro 100 a mako ko an yi aiki ko ba a yi ba, kuma yana ajiye hotunan allon wayarsa na kowace rana a cikin wani fayil, domin wata mai ba da shawara a kan takardu ta gaya masa cewa wata rana suna iya zama shaidar cewa ya yi shekara uku yana aiki a ƙasar.